Shekarun Kakanni a Zangon Legas: Tsakanin Takarda da Abin da Ya Faru

Duk wanda ya tashi rubuta salsalar danginsa a Agege ko Oshodi, tambayar da za ta fara tsayar da shi ita ce: yaushe aka haifi kaka? Takardar rantsuwar shekaru ba ta cika amfani a nan ba, domin yawanci don neman fasfo ko tafiya Hajji aka yi ta, shekarar da ke ciki kuwa kintace ce. Abin da nake ganin ya fi ta ƙarfi shi ne lissafin da tsofaffi suke yi da kansu, wato rataya haihuwa da aure da mutuwa a jikin wani babban al'amari da kowa ya shaida.

Bahaushen Legas kalanda biyu yake ɗauke da su. Ta farko ta gida ce: zuwan Turawa Kano da Sakkwato a 1903, yunwar Kakalaba ta 1914, annobar mura ta 1918, da zamanin sarakuna. Ta biyu ta Kurmi ce, wadda ta buɗe sosai bayan layin dogo ya kai Kano a 1911, fataucin goro ya riƙa jawo mutane zuwa Zangon Agege.

A ɗauki misalin dattijon da aka ce an haife shi shekarar da aka naɗa Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ya sauka Ikko shekarar zuwan Sarauniyar Ingila, ya aurar da 'yarsa ta fari lokacin canjin kuɗi daga fam zuwa naira, ya rasu ana cikin jimamin fashewar bama-bamai a barikin soja na Ikeja. Wannan ya ba mu 1926, 1956, 1973 da 2002. Shekara 76 ke nan, ba “sama da ɗari” da aka saba faɗa wurin ta'aziyya ba. Ba ƙarya masu faɗa suke yi ba. Girmamawa ce, ga shi kuma shekara 33 ta Hijira daidai take da 32 ta Miladiyya, sai lissafi ya ɗan hau.

Hanyar tana da tarko. Yunwa ɗaya kan sami suna daban a Katsina da Maraɗi, “lokacin yaƙi” kuma yana iya zama na Hitila ko na Biyafara. Don haka sai an tambaya: wa ke sarauta, kuma da wane kuɗi aka biya sadaki?

Inda abin ya fi damuna shi ne mata. Kakar da aka kawo Agege tana amarya ba ta cikin littafin mai masauki ko na 'yan goro. Shekarunta suna bakin 'ya'yanta mata ne, su da ke tuna cewa tana goyon wane aka kashe Sardauna a 1966, ta yaye wance aka kashe Murtala a 1976. Waɗannan 'ya'yan yanzu su ma sun manyanta, kuma kaɗan ne daga cikin masu rubuta salsala suke shiga cikin gida su zauna da su.