Turancin Buroka da Zama Ɗan Nijeriya

Jama'a, akwai masu cewa wai duk wanda ba ya jin Turancin Buroka bai cika ɗan Nijeriya ba. Tarihi bai goyi bayansu ba. Harshen ya girmi Nijeriyar da aka haɗe a 1914, amma haifaffen bakin teku ne. Ciniki da Turawan Fotugal tun ƙarni na 15 ya bar masa kalmomi irin su sabi da pikin, kana wani attajirin Kalaba, Antera Duke, ya rubuta harkokinsa na yau da kullum da shi daga 1785 zuwa 1788.

Arewa kuwa, sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sannan ya sami masauki a Sabon Gari. Ya tarar Hausa ta riga ta kama kasuwa, ta shiga barikin soja, inda ta haifi Barikanci. To, manomin Gumel da bai taɓa jin Buroka ba, wa ya isa ya tuɓe masa rigar ɗan ƙasa? Lalle da Buroka Fela ya isar da waƙoƙinsa ga ƙabilu masu yawa, ba mu musa ba. Amma Shata ma ya cika filaye, alhali da Hausa zalla ya yi tasa.