Daga Odorkor Zuwa Dutsen Trikuta

Wani maƙwabcin shagon kawuna a kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai ya shaida mini cewa yana tara kuɗin zuwa Indiya, ziyarar abar bautarsu Vaishno Devi. Ɗan Ghana ne gaba da baya, don haka na ɗauka ba'a yake yi. Mu 'yan zango mun fara ganin waɗannan ababen bauta ne a finafinan Indiya: mace mai hannuwa takwas a kan damisa, ana waƙa ana watsa furanni. Ba mu taɓa kawowa a rai cewa masu wannan addini suna hawa trotro ɗaya da mu ba.

Addinin Hindu ya shigo ƙasar nan ne tare da fatake 'yan Sindh, tun ana kiranta Gold Coast, kuma sun ƙaru bayan an raba Indiya da Pakistan a 1947. Saye da sayarwa ya kawo su, ibadarsu kuma ta tsaya a tsakaninsu. Wanda ya fito da addinin fili shi ne Kwesi Essel, mutumin Senya Beraku, wanda aka haifa a 1937. Karance-karance suka ja shi har garin Rishikesh da ke gindin tsaunukan Himalaya. A 1975 malaminsa Swami Krishnananda ya naɗa shi jagoran addini, ya koma amsa sunan Swami Ghanananda Saraswati. A wannan shekarar aka kafa gidan ibadar da ake kira Hindu Monastery of Africa a Odorkor, gaba kaɗan da Kaneshie. Ya rasu a 2016, ya bar mabiya da akasarinsu 'yan ƙasa ne. Su ne ke raya dare tara na bikin Navaratri, wanda aka keɓe wa Durga, wajen watan Satumba ko Oktoba.

Maƙwabcin namu a lokacin wannan biki yake son tafiya, kuma a nan shirin yake da wuya, domin lokacin ne cunkoso ya fi yawa. Wurin yana cikin wani kogo a dutsen Trikuta, a yankin Jammu da Kashmir. Jirgin ƙasa ya fara isa Katra, garin da ke gindin dutsen, a 2014. Daga nan sai hawa na kimanin kilomita goma sha biyu, a ƙafa, ko kan doki, ko a jirgi mai saukar ungulu ga mai hali. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a cikin kogon babu mutum-mutumin da fim ya saba nuna mana. Duwatsu uku ne, waɗanda masu ibadar ke ɗauka a matsayin Kali da Lakshmi da Saraswati.

Tun 1986 hukuma ce ta musamman ke kula da wurin, kuma ba a hawa sai da rajista. Duk da haka, a ranar 1 ga Janairun 2022 turmutsutsu ya kashe mutum goma sha biyu, abin da ya sa aka shigo da katin da ke nuna inda kowane maziyarci yake. Wanda ya tuna Mina a 2015 ya san irin fargabar da iyali ke kwana da ita a gida.

Ni Musulmi ne, kuma tsakanin aƙidata da tasa akwai rata mai faɗi wadda ba na ɓoye masa, shi ma bai nemi in ɓoye ba. Amma da ya buɗe littafin da yake rubuta lissafinsa, sai na ga abubuwan da na sani a gidajen maniyyatanmu na Nima da Maamobi: adashi, biza, katin rigakafin shawara, da sunan wanda zai riƙe shago. Har ma ya ce a wurinsu ba mai zuwa sai wanda aka kira. Kawuna, wanda ya shekara bakwai yana ajiyar kuɗin kujerar Makka, bai ce uffan ba, sai dai ya tambaye shi nawa dala take a yau.