Yadda Kalmar Turanci Ta Sami Wurin Zama a Kudancin Katsina

Turanci ya shigo yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ta ƙofa biyu, ta kasuwar auduga da ta aji, kuma wanda ya biyo ta kasuwa ya fi yin saiwa. A ƙarshen shekarun 1920 jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa Funtuwa, Turawa suka kafa injin gurzar auduga a garin, aka kuma buɗe gonar irin auduga a Daudawa, cikin ƙasar Faskari. Manomin da ya kai kayansa ma'auna bai taɓa riƙe ƙamus ba, amma ya san sikeli da lebura da rasit, domin kuskuren fahimtar ɗaya daga cikinsu na iya cinye masa wahalar damina guda. Da motoci suka yawaita, birki da taya da sitiyari suka biyo sahu. Kowace kalma ta zo ne riƙe da aikinta, shi ya sa ta zauna.

Makaranta ma ta san wannan sirri a farkonta. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ta yi suna wajen horar da ɗalibai su yi magana da Turanci, ba su tsaya ga rubuta shi kawai ba. Daga nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito da lafazin da ya burge Turawan Ingila kansu, daga nan kuma Abubakar Imam ya fito. Sai dai waɗancan 'yan ƙalilan ne, ana zaune da su dare da rana. Da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwan ƙauyuka da yara, malamai suka yi kaɗan, littattafai suka yi ƙaranci, koyarwa ta koma jera kalmomi a allo ana rera su da ma'anarsu. Yaro ya haddace ɗari, a ce ya haɗa jimla ɗaya ya yi tsuru-tsuru. Abin na da ciwo, domin ba ƙwaƙwalwa yaran suka rasa ba.

Wani zai ce ai hadda gadonmu ce, da ita aka raya karatu a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Bature. Gaskiya ne, amma a dubi makarantar zaure da kyau. Mai karanta Ahalari ko Ishmawi ba jerin kalmomin Larabci ake ba shi ba. Malam na jan baƙi gaɓa-gaɓa yana fassarawa, ɗalibi na jin kalmar cikin maganar alwala ko salla, abin da zai aikata kafin rana ta faɗi. Haddar tana tafiya da muhallinta. Abin da ajin boko ya ara ɓawon hanyar ne, ya bar ƙwayar.

Suka ta biyu ta fi nauyi: kalmar aro ta riga ta zama Hausa, kuma takan sauya ma'ana har ta yaudari mai koyo. Kilaki a wurin Turawa masu ita ma'aikacin rubutu ne a ofis, a bakinmu kuwa ta koma sunan macen bariki. Wannan haka yake, kuma babu wanda zai ci jarrabawar WAEC da Turancin tasha. Amma misalin hujja ce a gare mu: amfani ne ya karkatar da ma'anar, don haka amfani ne kaɗai zai nuna wa ɗalibi ma'anar asali, ta hanyar haɗuwa da kalmar sau da yawa cikin labari da hira da wasiƙa. Ƙamus, ko da irin na Bargery ne na 1934, yana warware shakka ne ga wanda ya riga ya ci karo da kalma a wani wuri. Ɗan manomin Sabuwa da ya shigo aji ɗaya yana ɗauke da ɗimbin irin waɗannan kalmomi daga gareji da asibiti da wayar hannu, kuma daga kansu ya kamata malaminsa ya fara darasi.