Bayani kan sauya salansa da ƙara wa baburan daji ƙarfi

A ƙasashen Amurka da Turai da Australiya, mahaya da dama da ke sayen babur na shiga daji ba sa barinsa yadda ya fito daga masana'anta. Abin da sukan fara taɓawa shi ne salansa, bisa fatan samun ƙarin ƙarfi da rage nauyi.

Sai dai kuma sauya salansa kaɗai ba ya ƙara wa inji wani abin a zo a gani. Idan kuwa aka yi shi ba bisa ƙa'ida ba, yakan jawo lalacewar inji ko tara daga hukuma, har ma da rufe hanyoyin da ake hawan baburan a kansu.

Wane irin babur ne na daji?

Shi dai babur na daji dogo ne mara nauyi, mai tayoyi masu manyan haƙora, da shokozoba mai iya nitsewa kusan santimita 30 domin shanye gargada. Ya bambanta da na tseren fili, wanda ake murɗa wa totur har ƙarshe na ɗan gajeren lokaci.

Mai shiga daji yakan shafe sa'o'i yana tafiya a hankali tsakanin duwatsu da saiwoyin itatuwa da rafuka. Don haka ya fi bukatar injin da ke ja da ƙarfi tun yana juyawa a hankali, fiye da wanda sai ya yi kururuwa yake nuna ƙarfinsa.

Babur ɗin DT-1 da kamfanin Yamaha na Japan ya fitar a shekarar 1968 na daga cikin waɗanda suka buɗe wannan kasuwa, musamman a Amurka. Daga nan ne kuma kamfanonin da ke ƙera kayan sauyi suka bunƙasa.

Don Emler ya kafa kamfanin FMF a jihar California a 1973, shi kuma Mitch Payton ya kafa Pro Circuit a wannan jiha a 1978. Kamfanin Yoshimura na Japan ya girme su, domin tun 1954 Hideo Yoshimura ya soma shi. A farkon shekarun 1990 ne tsohon ɗan tsere Igor Akrapovič ya kafa nasa a Sloveniya, wanda ya yi suna wajen aiki da ƙarfen titaniyam.

Aikin bututun hayaƙi

Hanyar fitar hayaƙi ta kasu gida biyu. Akwai bututun da ke fitowa daga jikin inji, sannan akwai gwangwanin da ke ƙarshe, wato salansa, mai aikin rage ƙara. Wasu kan sauya gwangwanin kaɗai saboda ya fi araha, wasu kuma su sauya duka.

Tasirin sauyin ya danganta ga irin injin, ko mai bugu biyu ne ko mai bugu huɗu.

A inji mai bugu biyu, wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, bututun yana da wani kumburi kamar tulu a tsakiyarsa. Da zarar hayaƙi ya fito da ƙarfi, sashen da ke faɗaɗa yakan haifar da zuƙa mai janyo sauran hayaƙin daga silinda. Sashen da ke tsukewa kuma yakan maido da wani matsi baya, wanda ke tura sabon man da ya fara tserewa ya koma cikin silinda kafin fistan ya rufe ƙofa.

Injiniya Walter Kaaden na kamfanin MZ a tsohuwar Jamus ta Gabas ne ya inganta wannan dabara a shekarun 1950. A 1961 ɗan tserensa Ernst Degner ya gudu zuwa yammaci lokacin gasar Sweden, ya koma Suzuki da ilimin da ya samu, kuma a 1962 ya ci wa kamfanin kambun duniya a rukunin babura masu cc 50.

Tsawon bututun da siffarsa su ne ke ƙayyade inda ƙarfin zai taru. Dogo yakan taimaka lokacin da inji ke juyawa a hankali, gajere kuma lokacin da yake tsananin gudu. Ke nan sabon bututu sau da yawa yana ɗauko ƙarfi ne daga wani gefe ya kai wani. Shi ya sa FMF ke ƙera samfurin Gnarly mai kauri domin masu shiga daji, daban da Fatty.

Inji mai bugu huɗu yana da bawul masu buɗewa da rufewa, saboda haka bai dogara da bututu kamar na farko ba. Irin waɗannan injuna sun mamaye fagen tsere ne bayan da Doug Henry ya lashe gasar ƙasa ta Amurka a 1998 a kan Yamaha YZ400F.

A nan ma faɗin bututu na da muhimmanci. Idan ya yi faɗi fiye da kima, hayaƙi yakan rage saurin fita, babur ya rasa jan da ake bukata wajen hawan tudu. Sauya gwangwani kaɗai sau da yawa ba ya ƙara abin da ya wuce ƙarfin doki ɗaya ko biyu.

Ribar da ba a gardama a kanta ita ce ta nauyi. Titaniyam ya fi baƙin ƙarfe sauƙi da kimanin kashi 40 cikin 100, kuma da yake salansa na can sama a bayan babur, rage nauyinta na sauƙaƙa sarrafa shi a karkace. Amma titaniyam na da tsada, kuma yana da wuyar walda idan ya tsage.

Ma'aunin iska da mai

Kafin fetur ya ƙone ƙurmus, yana bukatar iska mai nauyin da ya ninka nasa sau 14.7. Inji kuwa ya fi bayar da ƙarfi idan man ya ɗan fi haka yawa, wato kimanin kashi 12.5 zuwa 13 na iska a kan kashi ɗaya na mai.

Kamfanoni kan saita baburan da aka amince su hau titi da ɗan ƙarancin mai domin cika sharuɗɗan gurɓata iska. Idan aka sanya salansa mai buɗaɗɗiyar hanya, iskar da ke ratsa inji na iya ƙaruwa alhali man yana nan yadda yake.

Alamomin hakan sun haɗa da zafin inji, da fashe-fashe a salansa idan an saki totur, da kuma fulogi da ke fitowa fari fat. Idan abin ya daɗe, bawul na iya ƙonewa. A inji mai bugu biyu kuwa fistan na iya kamewa a cikin silinda, inji ya buga.

A babur mai kafireto, maganin shi ne a sauya ƙananan ƙofofin tagulla da mai ke bi, a kuma ɗaga ko a sauke allurar da ke tsakiya. Masu Suzuki DR-Z400, wanda ya fara fitowa a shekarar 2000, sun shahara da yanka kafa mai inci 3 tsawo da inci 3 faɗi a saman akwatin iska, sannan su sake saita kafireton domin ya dace.

Sababbin babura kuwa kwamfuta ce ke auna musu mai. Suzuki ta fito da RM-Z450 mai wannan tsari a 2008, KTM ta Ostiriya kuma ta kawo shi ga injunanta masu bugu biyu a 2017. A irin waɗannan sai an sauya umarnin da ke cikin kwamfutar, ko a haɗa mata wata ƙaramar na'ura.

Tsayin wuri ma na shafar lissafin, domin iska na rage kauri da kimanin kashi 10 cikin 100 a duk hawan mita 1,000. Saitin da ya dace a bakin teku yakan yi wa babur mai kafireto yawan mai a kan tsauni.

Ƙara da dokokin filaye

Babbar matsalar da sauya salansa ke haifarwa ita ce ƙara. Ana auna ta da ma'aunin desibel, wanda ba ya hawa daki-daki kamar awon mudu. Ƙarin desibel 3 na nufin ƙarfin sautin ya ninka, ƙarin 10 kuma kunne kan ji shi tamkar ninki biyu.

Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da shawarar kada mutum ya wuce sa'o'i 8 a cikin ƙara mai desibel 85, kuma duk ƙarin 3 sai a raba lokacin biyu. A desibel 97 ke nan minti 30 ne kacal.

Yawancin hanyoyin da ake hawan waɗannan babura a yammacin Amurka na cikin filayen gwamnati ne, inda mahaya ke cuɗanya da masu yawon shaƙatawa da mahayan dawaki da makiyaya. A 1972 Shugaba Richard Nixon ya sanya hannu kan umarnin da ya bukaci hukumomi su ƙayyade inda ababen hawa na daji za su bi. A 2005 kuma hukumar kula da gandun daji ta ƙasar ta fitar da ƙa'idar keɓe hanyoyin da aka yarda a bi, tare da hana ratsa daji barkatai.

Daga watan Janairun 2003 jihar California ta rage iyakar ƙara zuwa desibel 96 ga akasarin baburan daji. Jami'i kan ajiye na'urar awo inci 20, wato kimanin rabin mita, daga bakin salansa, a karkace, yayin da inji ke juyawa a wani mataki da aka ƙayyade.

Ƙungiyar mahaya babura ta Amurka, AMA, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana gargaɗin cewa yawan ƙara na cikin abubuwan da ke sa a hana mahaya filaye. Kamfanoni sun amsa da ƙera salansa masu sauƙin ƙara da kuma ƴan toshe da ake cusawa a bakinsu.

Kazalika audugar gilashi da ke cikin gwangwanin takan ƙone ko ta jiƙe da mai da tafiya ta yi nisa. Idan ba a sabunta ta ba, ƙara na hauhawa, ƙarfin inji kuma na raguwa.

Tartsatsi da hayaƙi

Baƙin da ke taruwa a cikin bututu kan ɓalle ya fito da zafinsa, kuma ɗan ƙaramin garwashi ya isa ya tayar da gobara a busasshiyar ciyawa. Don haka ne aka wajabta wa duk babur da ke shiga gandun dajin gwamnatin Amurka sanya matarin tartsatsi a salansarsa.

Bisa ƙa'idar hukumar gandun daji, dole matarin ya hana fitar duk wani ɓarɓashi da ya kai faɗin inci 0.023, wato ɗan fiye da rabin milimita. Wasu raga ce kamar rariya, wasu kuma suna juya hayaƙin ne har ɓarɓashin ya faɗa gefe. Salansa da yawa da aka ƙera domin tseren fili ba su da shi.

Akwai kuma batun gurɓata iska. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fara aiwatar da iyakokin hayaƙi a kan baburan daji daga samfurin 2006, ban da waɗanda aka ƙera domin gasa kaɗai. Dokar tsaftar iska ta ƙasar ta haramta cire ko lalata na'urorin rage hayaƙi.

A 2016 kamfanin Harley-Davidson, mai ƙera manyan baburan titi, ya amince ya biya tarar dala miliyan 12 kan sayar da na'urorin sauya saitin inji kusan 340,000. A Tarayyar Turai kuwa ƙa'idar Euro 5 ta fara aiki kan sababbin samfuran babura a 2020.

Sauye-sauyen da suka fi araha

Akwai gyare-gyaren da mahayi ke jin tasirinsu nan take ba tare da ya taɓa inji ba. Na farko shi ne faifai masu haƙora da sarƙa ke bi. Idan na gaba na da haƙora 13, na baya kuma 50, sauya na bayan zuwa 52 na ƙara jan babur da kashi 4 cikin 100, tare da rage ƙarshen gudunsa da kusan haka. Cire haƙori ɗaya a gaba ya yi daidai da ƙara kusan huɗu a baya.

Na biyu shi ne daidaita shokozoba da nauyin mahayi. A manyan baburan daji ana so bayan babur ya nitse kimanin milimita 100 zuwa 105 idan mahayi ya hau da dukkan kayansa. Idan ya zarce haka da yawa, alama ce cewa sifirin ya yi masa laushi.

Sai kuma tayoyi da suka dace da irin ƙasar, ko yashi ko laka ko dutse, da rage iskarsu yadda za su kama ƙasa sosai. Wanke matatar iska da shafa mata mai a kai a kai shi ma yana kare inji daga ƙura, wadda ke cin zoben fistan.

Wannan lissafi bai tsaya ga baburan ƙasashen yamma ba. Ƙananan babura irin su Bajaj Boxer da suka cika hanyoyin Najeriya da Nijar suna da inji mai bugu huɗu da kafireto, kuma samarin da ke cire hanjin salansa domin babur ya yi ruri suna fuskantar haɗari iri ɗaya na zafin inji da ƙonewar bawul, muddin ba a sake saita mai ba.

A ƴan shekarun nan dai baburan lantarki, waɗanda ba su da salansa kwata-kwata, sun fara shiga wannan fage. KTM ta fitar da Freeride E a 2014, yayin da kamfanin Stark Future da ke kusa da Barcelona a Spain ya fara miƙa wa masu saye samfurinsa na Varg a 2023. A irin wannan babur, mahayi na ƙara ƙarfi ko rage shi ne ta hanyar wata na'ura mai kama da wayar salula da ke maƙale a kan kambun tuƙi.