Daga Askar Wanzami Zuwa Asibitin Istambul: Tarihin Sanƙo a Gidanmu

Ƴan'uwana ɗalibai, bari in fara da tonon asirin kaina kafin wani ya riga ni. Shekaruna 22, kuma gashin gaban goshina ya fara ja da baya. Ban gano ba sai da wani abokina ya ɗauke mu hoto daga sama muna shan shayi a fada, ya tura wa kowa. Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma a daren nan sai da na haska kaina da fitilar salula a gaban madubi. Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Ashe ko babu aska a wurin, zancen yana nan.

Abin bai zo mini a baƙo ba. Kakana a Dungas mai sanƙo ne, babana ma haka. Sai kuma ɗan baffana, wanda muke kira Yaya, ɗan kasuwa mai saro tufafi daga Turkiyya. Shi ne mutum na farko a danginmu da ya ƙi yarda da gadon. Ya je Istambul sari, ya dawo da kai a kumbure, ƙeya a naɗe, goshi cike da ƙananan ɓawon jini kamar an barbaɗa masa barkono. Ya ce an yi masa dashen gashi. Makonni ya yi bai sa hula ba, don an hana shi, yana kwana a jingine kamar mai jiran mota a tasha. Da Kaka ya gan shi sai ya ce: "Kai yaro, wa ya fasa maka kai?" Da aka yi masa bayani, aka kuma faɗa masa cewa kuɗin aikin sun isa sayen bijimai a kasuwar Maigatari, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce: "Shekara hamsin ina da sanƙo, ban san ciwo gare ni ba sai yau."

Wannan magana ta Kaka ce ta sa ni wannan rubutu. Tambayata ita ce: yaushe sanƙo ya zama ciwo a ƙasarmu?

A zamanin su Kaka, kan namiji ba wurin ado ba ne. Ado yana ga hula da rawani da gemu. Tun ranar suna, kwana bakwai da haihuwa, wanzami ke fara ɗora aska a kan yaro, kuma daga nan ba su rabuwa. Yara akan bar musu tukku ko zanko, duk da malamai ba su so, saboda hanin da ya zo a hadisi a kan aske wani ɓangare na kai a bar wani. Amma da yaro ya zama mutum, sai ƙwal-kwabo. Ranar kasuwa ko jajibirin salla, za ka ga maza a jere a gindin bishiya, wanzami ya buɗe zabira, ya wasa aska, ya jiƙa kai da ruwa ya kwashe tas. To ku gaya mini, in kowa kansa a aske yake, kuma kowa da hula, ta ina za a gane mai sanƙo? Sai dai wanzaminsa da matarsa. Kuma ko an gani, abin da ake cewa shi ne sanƙo alamar arziki ce. Kaka har yau yana jiran nasa arzikin, amma maganar ta rufa masa asiri shekara da shekaru.

Kada kuma ku ɗauki wanzami a matsayin mai aski kawai. Shi ne likitan fiɗa na garin: shi ke kaciya, shi ke ƙaho, shi ke cire belu, shi ke tsagar gado a fuska, kuma sana'ar tana da shugabanta, Sarkin Aska. Mutumin da aka yarda ya sa wuƙa a maƙogwaron jariri, da an ɗauki sanƙo cuta, da tuni ya nemo masa tsaga. Abin da ake nema wa magani a kai shi ne makero da ƙuraje da kwarkwata.

Wasu ƙasashen kuwa sun daɗe suna wannan fama. A wata takardar magunguna ta tsohuwar Masar, wadda ake kira Ebers, ta wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai haɗin kitsen zaki da na dorina da na kada da na maciji don shafa wa mai sanƙo. Na yi dariya da na karanta, don har gobe masu tallar magani da lasifika a kasuwanninmu ba su wuce nan ba. Julius Kaisar na Rum, an rubuta cewa yana tajo gashin bayansa zuwa gaba, kuma cikin duk girmamawar da aka yi masa babu wadda ya fi so kamar izinin ɗora kambin ganye a ka kullum. Wato shi ma hula ya samu.

Girkawa ne suka fara lura da wani abu mai muhimmanci. Hippocrates ya ce babanni ba su yin sanƙo. Ina nufin bayin da ake dandaƙewa, ba baba mahaifi ba, ba kuma baban rini ba. Kalmomin a rubuce ɗaya ne, a baki ake rarrabe su, kuma irin wannan ne ke sa mu ƴan ilimin harshe muke ta kuka a kan rubutunmu da ba ya nuna karin sauti. Sai a 1942 wani Ba'amurke, James Hamilton, ya tabbatar da dalilin: namijin da aka dandaƙe tun kafin balaga ba ya sanƙo, amma in aka ba shi sinadarin mazantaka, kuma akwai sanƙo a danginsa, sai gashin ya fara zuba. Abu biyu ke nan suke haɗuwa, gado da sinadari. Daga baya aka gano ainihin mai ɓarnar, wani sinadari da ake taƙaita sunansa da DHT, wanda ke tsuke saiwar gashin gaba da na tsakiyar kai a hankali har ta daina fitar da komai. Mu mutanen Damagaram mun san babanni a fada. Ai da Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa a 1906, Bellama suka ɗora ya riƙe ƙasar, shi kuwa baban fada ne. Ashe rigakafin sanƙo ya daɗe a Birni, sai dai farashinsa babu mai iya biya da son ransa.

Shi dashen kansa, wani likita ɗan Japan, Shoji Okuda, ya bayyana shi a 1939. Yana yanko ƙananan da'irori na fata mai gashi ya dasa wa waɗanda wuta ko rauni ya cinye wa gashi. Da Japananci ya rubuta, ga yaƙin duniya na biyu ya taso, sai aikin ya kwanta babu wanda ya ji a waje. (Ku lura da wannan, ku masu cewa harshen da aka rubuta ilimi da shi ba kome ba ne.) Shekara ashirin bayan haka, a 1959, Norman Orentreich na New York ya wallafa abin da aka gina sana'ar duka a kansa: gashin ƙeya da na gefen kai ba ya zuba kamar na gaba, kuma in aka ɗauke shi aka kai shi gaba, halinsa na asali yake tafiya da shi. Amma aikin farko muni gare shi. Da'irar takan kai milimita huɗu, gashin ya fito tsibi-tsibi kamar na ƴar tsana. A shekarun 1990 aka koma yanko zirin fata daga ƙeya, a rarraba shi a ƙarƙashin madubin likita zuwa ƴan gungu na halitta, kowane da gashi ɗaya zuwa huɗu. A 2002 William Rassman da Robert Bernstein suka bayyana hanyar da ake kira FUE, wato cire gungun ɗaya bayan ɗaya ba tare da yanko ziri ba. Ita aka yi wa Yaya. A tsakani kuma an samu magunguna biyu da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su: minoxidil na shafawa a 1988, da finasteride na sha a 1997.

A nan ne nake jinjina wa Hausa. Ban san kalmar da ta fi "dashe" faɗin gaskiyar wannan aiki ba, kuma duk ɗan Dungas ya san abin da take nufi tun kafin ya shiga lakol. In shukar gero ta fito, wani gurbin ya yi cunkoso, wani bai tsira ba. Sai a jira ranar da aka yi ruwa, a cire daga mai yawa a kai inda babu. Ba ka ƙara ko ƙwaya ɗaya a gonar ba, wuri kawai ka sauya mata. Haka kai yake. Mutum yana da gashi wajen dubu ɗari, kuma abin da aka cire daga ƙeya ba ya sake fitowa a can. Masu talla a Facebook da TikTok hoton kafin da na bayan suke nunawa, duka ta gaba. Ƙeya ba ta shiga hoto.

Kuma kamar dashen gero, sai ya yi yaushi kafin ya kama. Wannan ne ya kusa haukata Yaya. Cikin wata na farko zuwa na biyu, gashin da aka dasa ya zube kusan duka. Ya kira mai fassarar asibitin ya fi a ƙirga, yana cewa an cuce shi. Aka ce masa haka abin yake, saiwar tana ciki. A wata na huɗu ya fara tsirowa, bai cika ba sai da shekara ta zagayo. Goshin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma akwai abin da ba a gaya masa ba kafin ya kwanta. Gashinmu na baƙar fata ba a waje kawai yake murɗewa ba, har saiwarsa a lanƙwashe take a cikin fata, don haka wanda bai saba da shi ba yakan datse saiwoyi da yawa wajen cirewa. Kuma fatarmu ta fi saurin yin tabo mai tudu, irin wanda kuke gani a kunnen wasu bayan huji ko a ƙeyar masu yawan aski da reza. Yaya ya tsira daga tabon, amma ƙeyarsa ta yi shara-shara kamar gonar da fara ta bi. Ga shi kuma gashinsa na asali da ke bayan dashen yana ci gaba da zuba, don aikin bai kashe DHT ba. Yanzu akwai fili tsakanin sabon goshi da tsohon kai, kuma an ce masa ko dai ya riƙa shan magani kullum, ko ya dawo zagaye na biyu.

Baffa kuwa damuwarsa daban ce: ya halatta ko bai halatta ba? Ya san an hana ƙarin gashi. Malamin da ya tambaya ya ce masa wannan gashin mutum ne na kansa aka mayar masa, kuma ya kawo labarin nan na hadisi na mutum uku daga Bani Isra'ila, kuturu da mai sanƙo da makaho, inda mai sanƙon ya roƙi gashi mai kyau aka ba shi. Malamai da yawa a kan haka suke. Baffa ya karɓi fatawar, amma bai yafe bijiman ba.

To mu koma ga tambayar Kaka. A ganina ba Istambul ce ta kawo mana ciwon ba, ta dai tarar da shi ta sa masa farashi. Ciwon ya shigo ne ranar da muka tuɓe hula muka bar gashi. Ƴan ci-rani da ke tsallakawa Najeriya ta Maigatari da Babura suka dawo da injin aski da janareta da manyan hotunan nan na salon aski da ake liƙawa a bango, duk fuskokin baƙaƙen Amurka. A askin inji, gwanintar duka a layin goshi take: a daidaita shi, a fitar da kusurwa kamar an sa ma'auni. Wanzami yana shafe iyakar da ke tsakanin goshi da gashi, mai inji kuwa zana ta yake yi, kuma abin da aka zana kowane mako dole a lura in ya matsa. Sai ƙwallo ta zo ta ƙara. A 2002, Ronaldo na Brazil ya ci kofin duniya da wani ɗan tukku a gaban kai, irin wanda kakanninmu suka daina bar wa yara, yayyenmu suka kwaikwaya. A 2011, shekarar da aka cire Dungas daga Magarya ta zama gunduma mai zaman kanta, Wayne Rooney ya sanar wa duniya cewa an yi masa dashen gashi yana ɗan shekara 25. Daga nan kunyar abin ta fara raguwa. Sannan salula mai kyamarar gaba ta zo ta sa mana madubi a aljihu. Kaka ya ce shi a samartakarsa sai ya yi wata bai ga fuskarsa ba. Ni kuwa ina jin ba na yin awa guda.

Har harshen ya nuna sauyin. A bakin tsofaffi ana cewa wane "yana da sanƙo", kamar yadda yake da tsawo ko wushirya. Mu kuwa cewa muke sanƙo "ya kama shi", "yana damunsa", "yana fama da shi". Waɗannan kalmomin masassara ne da bashi.

Ba ina zagin Yaya ba ne. Na ga yadda yake tafiya yanzu, na ga ya daina sunkuyar da kai in ana hoto, kuma ni da nake wannan dogon bayani, akwai lambar asibitin a cikin salulata, ban goge ba. Ɗan kuɗin tallafin da ake ba mu dai ko tikitin jirgin ba zai saya ba.

Hutun da ya wuce na je gida, na tarar da wanzamin Kaka ya zo, tsoho ne shi ma, hannunsa ya fara rawa amma ba a kan aska ba. Kaka ya ce: "Zo nan, abokin gadona, a kwashe maka wannan ragowar ka huta." Na zauna a tabarma, na ce a sa sabuwar reza, wanzamin ya harare ni amma ya sa. Da ya iso gaban goshi ya tsaya ya shafa wurin da yatsa, ya ce wa Kaka: "Alhaji, wannan naka ne sak, har kusurwar." Da ya gama, Kaka ya miƙo mini tsohuwar hularsa. Ta yi mini yawa kaɗan, sai da na naɗe bakinta. Da ita na je masallacin Juma'a, sahu ɗaya da Yaya, shi ma da tasa hular a kan gashin Istambul.