Bargon Ƙyallaye da Lifidin Mayaƙa

A ɗarin bara yayata ta ɗinka wani bargo da ya tada gardama a gidanmu nan Tawa. Ba tela ba ce, ɗinkin gida take yi da wani tsohon keke Butterfly da ta gada daga innarmu. Duk ran Lahadi, in an tashi kasuwa, sai ta bi shagunan teloli tana kwashe ƙyallayen da sunka zubar: guntun atamfa, bakin shadda, ragowar yadin ƴan lakwal. Ta wanke su, ta yanka su daidai wa daida, ta jera launi kusa da launi, ta ɗinke su wuri guda. Daga nan ta shimfiɗa tsohon zane daga ƙasa, ta baza auduga a tsakiya, ta rufa da haɗin ƙyallayen, ta bi duka ukun da layin ɗinki kusa-kusa don kada audugar ta taru gefe ɗaya. Wata biyu ta yi a kansa. Da ta gama ta ɗauki hotonsa ta sa a Facebook, ta ce za ta ba da shi kyauta ga ɗaya daga cikin mabiyanta, in dai mutum ya tura hoton ga abokansa.

Gwaggonmu ta ce abin kunya ne ɗiyar gida ta riƙa tsintar tsummoki a kasuwa sai ka ce marar gata. Wani abokina na jami'a kuma ya ce ai kwaikwayon Turawa ne, a waya ta gani. Kakarmu ce kaɗai ba ta ce komi ba. Ta sa anka miƙo mata bargon, ta matsa shi da yatsu, ta bi layin ɗinkin da farce, sannan ta ce: «Wanga ai lihidi na. Ku ɗiyan yanzu ba ku san komi ba.» Kalmar nan ce ta sa ni bincike, kuma abin da na samu shi ne nake son mu duba tare.

Lifidi rigar yaƙi ce ta doki da mahayinsa. Yadda ake yin sa bai bambanta da aikin yayata ba: tufa sama, tufa ƙasa, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, a bi da ɗinki a danne. Kibiya in ta faɗa masa sai ta maƙale cikin audugar, dafinta bai kai ga fata ba. Kalmar daga Larabci ta fito, daga sunan matsattsen gashin da ake shimfiɗawa ƙarƙashin sirdi. Tarihin Kano, wanda ya jero sarakunan birnin ɗaya bayan ɗaya, ya ce Sarki Kanajeji, da ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Ke nan fiye da shekara 600 ana wannan ɗinki a ƙasar Hausa. Keken ɗinkin Singer kuwa sai 1851 anka ƙera shi a Amurka. Duk lifidin da mayaƙan da sunka sa, da allura da hannu anka yi shi.

Mu ƴan Adar labarin bai yi mana nisa ba. Wanda ya leƙa littafin Djibo Hamani na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa, malamin da jami'armu ta Tawa ke ɗauke da sunansa, ya san ƙasarmu ta daɗe tsakanin manyan dauloli: Kabi da Gobir daga kudu, Agadas daga arewa. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya karɓe Adar daga hannun Kabi, kuma zuriyarsa ce ta riƙe sarautar Sarkin Adar, wadda daga baya ta zauna Illela. Maƙwabtanmu Gobirawa sun shahara da dawaki masu lifidi. Da su Sarkin Gobir Yunfa ya fito a watan Yuni na 1804 a Tabkin Kwatto, tare da Abzinawa, ya gamu da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo waɗanda yawancinsu ƴan baka ne a ƙasa. Duk da lifidin, Yunfa ne ya sha kashi. Lifidi na tare kibiya, amma yana da nauyi, yana gajiyar da doki, kuma auduga ba ta shiri da wuta.

Daga baya Sakkwatawa su ma sunka ɗauki lifidin. Baturen Ingila Hugh Clapperton ya gani da idonsa a 1826, lokacin da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye garin Konya na Gobirawa. Ya rubuta cewa sai an taimaka wa mai lifidi kafin ya iya hawa dokinsa, kuma dokin a hankali yake tafiya saboda kaya. Ya ce bindiga guda ce ke cikin garin, amma ita ce ta kayar da na gaban ƴan lifidan. A wannan ɗan labari ana iya hango ƙarshen zamanin lifidi. Harsashi bai san auduga ba. Da Ingilishi sunka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Faransawa kuma sunka kafa barikinsu a Tawa a farkon shekarun 1900, lifidi ya bar fagen fama ya koma kayan ado. Yau sai a hawan salla ake ganin ƴan lifida, a Kano da Katsina da Zariya, suna tafe gaban sarki.

Haɗa guntu da guntu ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Masaƙinmu na gargajiya siririn ƙyalle yake fitarwa, sai an jera su an ɗinke gefe da gefe kafin a samu zane ko riga ko luru. Turkudin da ake rinawa a Kura kusa da Kano, wanda Abzinawa ke naɗawa, da irin waɗannan siraran ƙyallaye ake haɗa shi. Duk babbar rigar da kakanninmu sunka sa, haɗi ce. A wasu wurare faci har ya zama tuta. Mabiya Mahadi a Sudan, a shekarun 1880, jibba mai faci suke sawa don nuna sun juya wa duniya baya, kuma bayan yaƙin Omdurman na 1898 Ingilishi sun kwashi lifidan dawakinsu masu haɗin launi sun kai gidan tarihi a Landan. Ƴan Bay Fal na Senegal har gobe da riga mai haɗe-haɗe ake gane su. A Amurka kuma, matan wani ƙauye da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama, jikokin bayi, sun yi shekaru suna ɗinka barguna da tsofaffin kayan aikin gona don sanyi kawai. A 2002 anka rataye bargunansu a manyan gidajen baje zane na Houston da New York, masana na tsaye gabansu suna jinjina kai. To ka ji abin da gwaggonmu ke kira tsummoki.

Ba na cewa yayata daga ƴan lifida ta koyi aikinta. Gaskiya a waya ta gani, wajen wata mata da ba ta ma jin harshenta. Abin da ya dame ni shi ne sai da fasahar ta zagaya duniya ta dawo ta cikin waya kafin mu gan ta, alhali sunanta na cikin bakin kakarmu. A lakwal an koya mana sunayen sarakuna da ranakun yaƙe-yaƙe, amma ba wanda ya taɓa ce mana: wa ya ɗinka rigar da sarkin ya sa? Kwana nawa ya yi? Nawa anka biya shi? Masu allura ba su da maroƙa, shi ya sa tarihi ya manta sunayensu.

Saura maganar kyautar, wadda ita ce ta fi jawo mana musu ni da yayata. Ita ma tana da tarihinta, kuma kashi biyu ne. Akwai kyautar sarakuna. Sarki na ba da riga, ya ba da doki, ya ba da lifidin kansa ga barorinsa, a gaban jama'a, maroƙa na faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. Wannan kyauta ta tara mabiya ce: yawan mutanen da ke bayanka shi ne ƙarfinka. Sannan akwai biki na mata. Ƙawarki ta yi haihuwa ko ta aurar da ɗiya, ki kai mata abin da ya sawwaƙa. Ranar taki hidimar ta maido miki har da ƙari, haka abin ke ta zagayawa shekara da shekaru. Baba ta Karo ta yi bayanin wannan a labarin rayuwarta da Mary Smith ta buga a 1954, kuma duk wanda ya tashi a gidan Adar bai buƙatar littafi ya san shi, don ya ga innarsa na lissafin wa ta kawo mata mi. A biki an san mai bayarwa, an san mai karɓa, kuma kyautar igiya ce da ke ɗaure gida biyu.

Na ce ma yayata rabon da take yi a Facebook ya fi kama da na sarakuna. Tana ba da bargo don a ƙara mata mabiya, masu tura hoton su ne maroƙanta, sai dai su ba a ba su ko dala. Ta dube ni ta ce: «Ƙanena, kai da ke cin tuwon da ban san wa ya saya ba, mi ka sani? In ba a gan ni ba, wa za ya kawo mini ɗinki?» Kuma tana da gaskiya. Mijinta na Abijan wajen bida, kamar rabin mazan unguwarmu, aike kuma ba kullum yake zuwa ba. Matar da ke cikin gida ba ta da shago bakin hanya, wayar nan ita ce shagonta. Bayan ta sa hoton, mata uku sun kawo mata aiki. Ban isa in raina wannan ba.

Amma ga abin da ya faru. Da anka yi ƙuri'a, wata yarinya ce a Yamai ta ci. Anka sa bargon a mota, yayata ta biya kuɗin aike daga aljihunta. Yarinyar ta ɗauki hoto da shi, ta yi godiya, shi ke nan ba mu sake jin ta ba. A satin nan kuwa iskan hunturu na kaɗawa daga arewa, irin wanda ke sa tsofaffi kwana gaban wuta. Duk wanda ya taɓa kwana Barmu ko Takanamat a watan Janairu ya san abin da nake nufi. Almajiran da ke kwana a zauren maƙwabcinmu buhu suke rufa da shi. Ba ɗayansu da ke da waya, don haka ba ɗayansu da ya shiga ƙuri'ar. Wata biyu na aikin hannu ya tafi inda ba a jin sanyinsa, ya tsallake waɗanda ke rawar ɗari taki goma daga ƙofarmu. Lifidi dai don tsare jiki anka ƙirƙiro shi, ado daga baya ya zo.

Ban yi nasara a gardamar ba, ita ma ba ta yi ba. Kakarmu ce ta raba mu. Ta ce da yayata: «Ɗiyata, ki yi biyu mana. Guda na masu kallo, guda na masu ɗari.» Bana hakan ta yi. Na farko ya tafi ƙuri'a kamar bara. Na biyu, wanda ta haɗa da ƙyallayen da ba su da kyan hoto, ta kai shi gidan wata maƙwabciyarmu da ta haihu a tsakiyar sanyi, ba ta ɗauki hoto ba. Ran suna matar ta aiko mana da fura cikin ƙwarya, da buhu guda na ragowar yadi daga shagon ƙanen mijinta, wanda ashe tela ne. Yanzu duk ƙarshen wata yana aiko da wani.

Ni kuma na sayi kaye na dala arba'in na fara zama wajen kakarmu da marece ina rubuta kalmomin da take faɗi na saƙa da kaɗi da ɗinki: mazari, abawa, gurya, sawu. Wasu ban taɓa jin su ba, wasu na sha ji ban san ma'anarsu ba. Ina roƙon ƴan uwana na wannan ƙungiya, wanda ke da tsohuwa ko tsoho a gida, a Keita ne ko Tamaske ko Kalfu, ya ɗauki tsohon mayafin da ke ɗakinsu ya tambaye su wa ya yi shi, da mi, kuma wa ya ba su. Ya rubuto mana amsar mu sa a fitowa ta gaba. Kakarmu ta ce in na cika kayen za ta nuna mini yadda ake cusa audugar rimi ba tare da ta tashi sama ba, in dai na yarda na riƙe allura a gaban abokaina.