FREP: Dangin Furotin da Sauro da Dodon Koɗi Suke Kare Kansu da Shi

FREP suna ne na wani dangin furotin da ake samu a jikin halittu marasa ƙashin baya. An raɗa masa sunan ne saboda wani sashensa ya yi kama da fibirinojin, furotin da ke daskarar da jinin mutum idan ya yanke. Amma a jikin waɗannan halittu aikinsa daban ne: yana gane sukarin da ke bayan ƙwayar cuta, ya manne mata, ya dunƙule ta.

A 1997 Coen Adema da Eric Loker da abokan aikinsu a Jami'ar New Mexico ta Amurka suka lura cewa wannan furotin yana ƙaruwa a jinin dodon koɗin Biomphalaria glabrata bayan tsutsa ta shige shi. A 1999 masana a Jami'ar Kyushu ta Japan suka samu danginsa a wata halittar teku mai kama da ƙaguwa. Abin da ya fi ba da mamaki ya zo a 2004, daga New Mexico ɗin dai: dodon koɗi guda yana iya sauya fasalin furotin ɗin ya fitar da iri-iri, alhali a da ana ganin masu ƙashin baya ne kaɗai ke da wannan baiwa.

Sai aka koma kan sauro. A 2009 Yuemei Dong da George Dimopoulos na Jami'ar Johns Hopkins suka ƙirga iri 59 a sauron Anopheles gambiae, ga ƙudan 'ya'yan itace kuwa 14 kacal. Ɗaya daga cikinsu, FBN9, yana yaƙar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin sauron.

Mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa sun san sauro da dodon koɗi farin sani. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ya zauna rani da damina, noman rani ya bunƙasa, sauro da dodon koɗi su ma suka sami gida. Yaron da ya yi wanka a rafi ya dawo da tsargiya, tsutsar da ke kawo ta sai da ta fi ƙarfin garkuwar dodon koɗi kafin ta iso gare shi.

Abin takaici, yawancin binciken dodon koɗi an yi shi ne kan Biomphalaria glabrata, ɗan Kudancin Amurka. Mai yaɗa fitsarin jini a ƙasar Hausa kuwa dodon koɗin Bulinus ne, kuma sai a 2022 aka wallafa taswirar ƙwayoyin gadon Bulinus truncatus.